Daga Fatar Akuya Zuwa Ƙafar Keke: Tarihin Iskar Maƙera a Ƙasar Arewa

Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Arewa, tun daga Dogondutsi da Matankari har zuwa Kore Mairuwa da Tibiri da Gesheme, ya san cewa rumfar maƙera galibi a gefen kasuwa take, inda hayaƙi da tartsatsi ba za su dami masu atamfa ba. Idan kuwa mutum ne mai lura, wanda ya daɗe yana zuwa, to lalle ya shaida wani sauyi da ya auku a rumfar nan sannu a hankali, ba da shela ba, ba kuma da umurnin wani sarki ko kwamandan ba. A inda a da ake ganin yaro zaune a ƙasa da jakunkuna biyu na fatar akuya a gabansa, yana ɗaga wannan yana danne waccan, yanzu a rumfuna da yawa ƙafar keke ake tararwa a kafe, yaro yana juya ta da hannu ɗaya, igiyar roba ta taso daga gare ta ta kama wani ɗan gwangwani mai siffar katantanwa, wuta kuma tana ruri ba numfasawa. Marubuta tarihi sun shagala da yaƙe-yaƙe da jerin sarakuna, wannan mas'ala kuwa sun raina ta, alhali a ganina wanda ya bi diddigin iskar maƙera zai fahimci abin da ya sami sana'ar ƙira fiye da wanda ya tsaya ga ƙarfen kawai.

Dalili shi ne ƙira a kan abu uku take tsaye, wato ƙarfe da gawayi da iska, kuma ko da yake girma da kirari duk sun tafi ga uwar maƙera da masaba, iskar ce ke hukunta ko za a yi aiki ko ba za a yi ba. Gawayin da aka bari ya ci da kansa yana iya gasa tsire, amma ba ya tausasa ƙarfe. Masana ilmin ɗabi'a sun tabbatar da cewa kashi 21 cikin 100 ne kaɗai na iskar da muke shaƙa yake ciyar da wuta, saboda haka mai son garwashi ya kai zafin da ƙarfe zai yi ja, sa'an nan ya yi fari har ya karɓi guduma, wato abin da ya haura daraja 1,000 a ma'aunin zafi, ba shi da wata dabara illa ya tura iska mai yawa, da ƙarfi, ta kafa ƙarama, zuwa cikin zuciyar gawayin. Almajirai ba baƙin wannan magana ba ne. A cikin Alƙur'ani mai girma akwai sura sukutum mai sunan ƙarfe, akwai labarin Annabi Dauda, alaihissalamu, wanda aka tausasa wa shi, kuma a ƙissar Zulƙarnaini cikin Suratul Kahfi, bayan an tara guntayen ƙarfe tsakanin duwatsu biyu, umurnin da ya biyo baya na hurawa ne. Har wa yau a cikin Buhari da Muslim an buga misalin mugun aboki da mai zuga-zugi, wanda ko dai ya ƙona maka tufa ko ka kwashi wari a wurinsa. Misali ne na tarbiyya, ba hukunci a kan sana'a ba, sai dai ya nuna mana cewa jakar fatar da yaron nan na Arewa yake dannawa ta daɗe a duniya, har ta zama abin da kowa ya sani a Madina tun farkon Musulunci.

Ita ƙasar Arewa kwari ne mai tsawo, wanda ake kira Dallol Mauri, tsohuwar hanyar kogi da ya ƙafe tun zamanin da ba a sani ba, ruwa yana kusa a fadamunsa, gefensa kuma tuddai ne da duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai, irin waɗanda garin Dogondutsi ya samo sunansa daga gare su. Jan da ke jikin duwatsun nan tsatsar ƙarfe ce. Bisa ga abin da aka gada a baka, Gubawa ne suka riga zama, su ne masu Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, sa'an nan Arawa suka zo da sarauta, suna danganta kansu da wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari. Amma da mai ƙasa da mai sarauta duk a hannun maƙeri suke, domin wannan yana bukatar hauya da gatari, wancan yana bukatar mashi da linzami. A tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da Kabawa suka tayar wa Gwandu ƙarƙashin Yakubu Nabame, a 1849, Arewa da Zabarma da Dendi suka mara musu baya, jarumin da ake ambata daga Tibiri sunansa Samna Ƙarhe, wanda shi ne ƙarfe a bakin mutanen yamma, masu sa "h" a inda Kanawa suke sa "f". Haka kuma kiban da maharban Lugu suka tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine da su a watan Afrilu na 1899, kowace ɗaya sai da wani yaro, wanda tarihi bai riƙe sunansa ba, ya zauna ya zuga mata wuta.

Ya kamata a rarrabe aiki biyu da ake yawan gwamutsawa. Na farko shi ne fitar da ƙarfe daga tama, aikin daji ne na rani, wanda ake yi da sirri da sharuɗɗa masu tsanani. Abin mamaki a nan shi ne a wurare da yawa na ƙasar Hausa ba a bukatar zuga-zugi ko kaɗan wajen wannan babban aiki: a kan gina murhu mai tsawo da yumɓu, a jera bututai a gindinsa, zafin da ke tashi sama shi ke jawo sabuwar iska ta ƙasa, dare da rana, har ƙazantar dutsen ta narke ta tsiyaye, ƙarfen kuwa, da yake sai a daraja 1,538 yake narkewa, ya dunƙule ya zama curi. Wata Bafaranshiya mai nazarin al'adu, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar, maƙwabtan Arewa ta arewa maso gabas, a shekarun 1960, ta ɗauki wannan aiki a majigi a daidai lokacin da ya riga ya zama abin da dattawa kaɗai suke tunawa, kuma ta nuna yadda suke kwatanta shi da aure da haihuwa. Aiki na biyu shi ne ƙira ta yau da kullum a cikin gari, kuma a nan ne zuga-zugi yake sarauta.

Yadda ake yin sa kuwa hikima ce mai sauƙi da ta isa a tsaya a kanta. A kan feɗe akuya ba tare da an tsaga cikinta ba, a jeme fatar, a shafe ta da mai har ta yi laushi, a ɗaure wajen wuya a jikin bututu, ɗaya ƙarshen kuma a bar shi a buɗe daidai kamun hannu. Idan mai zuga ya ɗaga hannunsa sai ya saki yatsu, baki ya buɗe, iska ta shiga. Idan zai danna sai ya damƙe, iska ta rasa mafita sai ta bututu. Ke nan hannun yaron shi ne ƙofa, shi ne kuma mabuɗi. An yi jakunkunan biyu ne don kada wuta ta yi jira, wannan tana cika waccan tana fitarwa, bakinsu duka biyu yana fuskantar wani bututun yumɓu da aka binne a gindin murhu, tare da ɗan rata a tsakani, don kada jaka ta zuƙo garwashi ta ƙone. Gawayin da aka fi so na ƙirya ne, saboda nauyinsa da daɗewarsa yana ci, kuma sunan garin Dogon Ƙirya a arewacin ƙasar ya isa shaida a kan matsayin wannan itace a wurin mutanen da.

Sai dai zuga-zugi bai tsaya ga zama kayan aiki ba, makaranta ne. Ɗan maƙeri ba ya fara da masaba, ba ya fara da awartaki. Shekarunsa na farko a bakin zuga yake yin su, kuma tun da hannuwansa sun san aikinsu ba sai ya dube su ba, idanunsa suna kan wuta da hannun ubansa, yana koyon launin ƙarfe, yaushe ya nuna, yaushe ya kusa ƙonewa, yaushe za a sassauta, ba tare da an buɗe baki an karanta masa kome ba. Kamar yadda almajiri yake haddace allo tun bai san fassara ba, haka shi ma yake haddace wuta. Bugu da ƙari, jakunkunan suna da murya. Gwanin zuga yana iya sarrafa su su yi amo mai tsari wanda yake tafiya da saukar guduma, har mai wucewa ya tsaya saurare, kuma sana'ar da take da kiɗanta na dundufa ba ta rasa kunnen jin irin wannan ba. Ina ganin ba banza ba ne harshenmu ya ɗauki kalma ɗaya, zuga, ya ba mai hura wutar maƙera, ya ba maroƙin da ke kambama sarki, ya kuma ba wanda ke ingiza wawa ya yi faɗa. Dukansu iska suke turawa cikin abin da yake da ɗan garwashi tun asali.

Zuwan Nasara bai taɓa zuga-zugi da farko ba, tama ya kashe. Faransawa sun kafa bariki a Dogondutsi a 1906, jirgin ƙasa na Ingilishi ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma tun daga nan ƙarfen Turai, sabo da tsoho, ya yi ta malalowa kasuwanni har ya ƙetaro iyakar da aka shata tsakanin Arawan Dutsi da 'yan'uwansu na Kangiwa. Wane ne zai kwana bakwai a daji yana sarar itace yana haƙar dutse, alhali ga guntun ƙarfen mota ana sayarwa da araha, wanda ma ya fi kyau wajen yin gatari? Dokar gandun daji da Faransa ta kafa a ƙasashenta na Afirka ta Yamma a 1935 ta ƙara tsananta sha'anin gawayi, fari na 1973 da na 1984 kuma suka rage itatuwan da suka saura. Maƙeri ya tashi daga mai fitar da ƙarfe daga dutse ya koma mai sake wa tsohon ƙarfe haihuwa. Titin da ya taso daga Yamai ya ratsa Doso da Dogondutsi ya nufi Birnin Ƙonni shi ya zama masa ma'adini, matattun motoci da gangunan mai da kekuna su ne tamarsa, kuma daga cikin wannan juji ne sabuwar iskar ta fito.

Ga yadda sabuwar fankar maƙera take aiki. Fankar da aka saba gani a rufin ɗaki tana yanka iska ne ta tura ta gaba, a miƙe. Tana motsa iska mai yawa, amma ba ta da naci, da zarar an tare mata hanya ko an ce ta bi ta bututu sai ta karaya. Ta maƙera dabam take. A cikin gwangwanin nan akwai wani ɗan faifai mai fikafikai a tsaye kewaye da shi, a tsakiyar gefen gwangwanin kuma akwai kafa. Idan faifan ya juya, fikafikan sukan kwashi iskar da ke tsakaninsu su yi majajjawa da ita, kamar yadda yaro mai korar tsuntsaye a gonar gero yake juya dutse ya sake shi, sai ta watsu zuwa bango. Tsakiya ta zama wofi, sabuwar iska ta faɗo ta kafar nan don ta cike gurbi. Bangon kuwa da gangan aka naɗe shi kamar bayan katantanwa, yana farawa a matse yana ƙara faɗi, domin ya tattara iskar da aka watsa, ya rage mata gudu ya mayar da gudun ya zama matsi, ya kai ta ƙofa ɗaya tak. Ta shiga ta ciki, ta fita ta gefe, ta kuma fita da ƙarfin da zai ratsa tulin gawayi. Amfanin ƙafar keke shi ne riɓanya juyi: idan faɗinta ya ninka na ɗan gurun da ke jikin faifan sau goma, to juyi ɗaya na hannun yaro juyi goma ne a ciki. Akwai kuma wata ƙa'ida da injiniyoyi suka rubuta da lissafi, yaran maƙera kuma suka san ta a kafaɗunsu, cewa idan aka ninka saurin juyi sau biyu, yawan iska ya ninku sau biyu, matsinta sau huɗu, amma wahalar juyawa sau takwas.

Asalin wannan dabara ya yi nisa da mu. Mutanen Sin sun yi amfani da ita wajen shiƙar hatsi kimanin shekara 2,000 da suka shige, ba sai sun jira iskar Allah ta taso ba kamar yadda matanmu suke yi a masussuka. A Turai ramukan ma'adinai ne suka tilasta ta: wani malami Bajamushe, Agricola, ya zana irinta a littafinsa na aikin ma'adinai da aka buga a 1556, Guibal, injiniya a ƙasar Beljiyam, ya kyautata gidanta mai siffar katantanwa a 1862, aka riƙa gina manya-manya a bakin ramukan kwal don zuƙe iskar da ke kashe mahaƙa, a 1898 kuma Samuel Davidson na Belfast, wanda damuwarsa busar da ganyen shayi ce, ya fito da mai ƙananan fikafikai masu yawa, ya raɗa mata suna Sirocco, sunan zazzafar iskar da ke tasowa daga Sahararmu ta ƙetara Bahar Rum. Maƙeran Amurka su ma sun yar da nasu zuga-zugin fata a ƙarshen ƙarni na 19 sun koma ga ta hannu, kuma a ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ƙera musu ita, Buffalo Forge, wani saurayin injiniya mai suna Willis Carrier yake aiki sa'ad da ya tsara na'urar gyara iskar ɗaki a 1902. Saboda haka na'urar sanyin da ke ofishin babban ma'aikaci a Yamai da gwangwanin da ke rumfar maƙeri a Dumega dangi ne na jini, sai dai ɗaya ta yi arziki.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ba a shigo da ita ƙasarmu a cikin akwati ba. An ga samfurinta, aka gane sirrinta, sa'an nan masu walda da maƙeran birane, irin na kasuwar Katako a Yamai inda ake zubin tukwanen alminiyam, suka riƙa yanka ta daga gangar mai, suna ɗora ta a kan gurun keke, suna yanko igiyarta daga tsohuwar tayar ciki. Daga birni ta bi motocin kasuwa ta shiga ƙauye. Fikafikanta miƙaƙƙu ne, ba lanƙwasassu irin na masana'antu ba, wannan kuwa ba kasawa ba ce, domin miƙaƙƙen fiffike ya fi sauƙin yankawa kuma toka da ƙura ba sa maƙale masa. Gara ba ta cin ta, ɓera ba ya huda ta, ba ta bushewa da hunturu ta tsage. Masu kukan cewa kayan Nasara sun kashe sana'o'inmu suna da hujja a wurare da dama, amma a nan maƙeri ne ya ƙera abin da ya gaji zuga-zuginsa da hannunsa.

Ba a maƙera kaɗai ake bukatar iska mai naci ba. Masu haƙar rijiya a kan tuddan Arewa, inda ruwa yake da nisa ba kamar fadama ba, sun daɗe da sanin cewa akwai muguwar iska mai nauyi da ke kwanciya a gindin rami, shi ya sa masu hankali suke zura fitila kafin mutum, in ta mutu a fasa shiga. Mafi muni kuma shi ne a saukar da injin fetur cikin rami, hayaƙinsa ya kashe mutum ba tare da ya ji warin ajali ba. Maganin duka ɗaya ne, a tura iska mai kyau ta doguwar mesa har ƙasa, aikin da fankar ɗaki ba za ta iya ba. Babban misali a ƙasar Nijar shi ne ramin uraniyom na Akuta kusa da Arlit, wanda kamfanin COMINAK ya fara haƙowa a 1978 aka rufe a watan Maris na 2021, mai zurfin kimanin mita 250, inda dutsen da kansa yake fitar da wata iska mai guba da ake kira radon, wadda ba ta da launi ba ta da wari, lokacin aikin kuma ba a iya zama da ita sai manyan fankoki suna musanya iskar ramin ba dare ba rana.

In muka komo rumfar kasuwa, riba a bayyane take: wuta ta fi saurin kamawa, babban ƙarfe irin na garmar shanu yana nuna ba da dogon jira ba, kuma da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Amma iskar da ba ta numfasawa tana cin gawayi in ba a kula ba, tana kuma iya ƙona bakin lauje kafin maƙeri ya waiwaya, domin ƙafar keke ba ta tsayawa nan take kamar yadda hannu yake tsayawa a kan fata. Kiɗan ma ya tafi; abin da ya rage gunji ne guda, mai tashi da sauka. Yaron da ke juya ta ba ya bukatar koyo, ko ɗan maƙwabta aka kira zai iya, kuma a inda aka sami lantarki ko batirin mota da faifan hasken rana, an fara ɗaura mata ɗan inji, wurin zaman yaron ya zama fili. Maƙeran fari, masu zobe da munduwa, waɗanda aikinsu yake son ɗan numfashi kaɗan a daidai lokacinsa, da yawansu har yanzu suna riƙe da ƙaramar jakarsu. Haka nan maƙerin da ke bin ƙauyukan tudu gab da faɗuwar damina, lokacin da kowane manomi yake neman a gyara masa hauya, ya fi son tsohon zuga-zuginsa, saboda ana naɗe shi a cusa a buhu tare da awartaki da masaba a ɗora wa jaki, in an isa a haƙa ɗan rami a gindin itace, a kwaɓa yumɓu, kafin la'asar an fara aiki.